Kafin Yatsu Su Koyi Kiɗa, Jiki Ya Koyi Zama



Jita ta shigo ƙasarmu. Daga Talata Mafara zuwa Bakura za ka tarar da matashi ya jingina waya da bango, yana kallon darasi a YouTube, yana ƙoƙarin danna tsirkiya shida da yatsu huɗu. Da yawansu ba sa yin nisa suke ajiyewa, su ce ba su da baiwa. Ni a ganina baiwarsu ba ta da laifi. Zama da riƙo ne ba su koya ba, alhali nan ne darasin farko.

Mu dubi yadda na gaba suka yi. Musa Ɗanƙwairo, ɗan ƙasar Bakura da ya rasu a 1991, tun yana yaro yake cikin ƙungiyar mahaifinsa yana amshi. Sa'idu Faru na ƙasar Maradun, makaɗin Sarkin Kudu Maccido, shi ma gadon gida ya yi. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yakan shekara yana ganin yadda ake rataya kotso da inda gwiwar hannu take tsayawa kafin a miƙa masa. Idonsa ya koyi riƙon tun hannunsa bai taɓa ba. Mai koyo ta waya ba shi da wannan gata. Sau da yawa yatsun malami kawai ake nuna masa, babu mai ce masa: ɗaga kanka, sauke kafaɗarka.

To yaya ne zaman? Samu benci ko kujera marar hannu, ka zauna a gaba-gaba, tafin ƙafafunka biyu a ƙasa, gadon bayanka a miƙe ba tare da sandarewa ba. Ɗora ƙugun jitar, wato inda cikinta ya lotsa, a kan cinyar dama, bayanta ya jingina da jikinka, damtsen dama ya sauka a kanta ta sama. Masu salon gargajiyar Turai kan ɗora ta a cinyar hagu, su taka ɗan matashi da ƙafar hagun don wuyan jitar ya ɗago. Ko wanne ka zaɓa, kada wuyanta ya kalli ƙasa. Wannan shi ne aibin harɗe ƙafa a tabarma, zaman da muka fi sabawa da shi: wuyan jitar yakan zube, baya ya ranƙwafa yana bin sa. In dole sai tabarma, sa matashi a ƙarƙashinka don ƙugunka ya fi gwiwoyinka tudu.

Ga gwaji mai sauƙi. Bayan ka zauna, saki hannun hagu gaba ɗaya. In jitar ta tsaya inda take, riƙonka ya yi. In ta sunkuya, ashe hannun da ya kamata ya yi yawo a kan tsirkiya ka mayar da shi ɗan dako. Babban yatsa ya zauna a bayan wuyan jitar, wuyan hannu ya kusa miƙewa. Kada ka kwantar da jitar don ka ga yatsunka, domin wuyanka ne zai biya bashin. In a tsaye kake, daidaita igiyar ratayawa ta tsaya daidai inda take in kana zaune. Yaro kuma a nema masa ƙaramar jita daidai jikinsa.

Akwai wata magana da nake so mu daina faɗa wa masu koyo, wai sai an sha wuya. Zafi iri biyu ne. Na kan yatsu, musamman a tsirkiyar ƙarfe, yakan wuce cikin 'yan makonni idan kanta ta fito. Amma ciwon wuyan hannu, ko kafaɗa, ko sagewar yatsu, gargaɗi ne jiki yake yi. Tsaya, gyara zama, in ya ƙi tafiya ka ga likita. Minti ashirin na zama daidai ya fi awa biyu na ranƙwafawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mugun riƙon da hannu ya saba da shi ya fi wuyar cirewa fiye da koyon sabo.

Wani zai ce ai kowane gwani da salonsa. Gaskiya ne. Mdou Moctar, Buzun Nijar da ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Jimi Hendrix na Amurka kan zagayo da babban yatsa ta saman wuyan jita, abin da malamai da dama ke hana ɗalibi. Sai dai ka lura da su suna kiɗa: hannu a sake yake, kayan kiɗan ne ke bin jiki. Salo yakan zo ne bayan jiki ya samu natsuwa. Mai koyon da ya kwaikwayi tsayuwar gwani tun bai iya zama ba, rigar da ta fi ƙarfinsa ya ara.

Mu marubuta wannan ya shafe mu kai tsaye. Sau nawa muke karanta “ya ɗauki jita ya fara kaɗawa” a labaranmu, shi ke nan an wuce? Mai karatu bai ga komai ba. Nuna mana kantar da ke kan yatsunsa, da yadda yake jawo benci kafin ya zauna, da kafaɗar ɗan koyo da ta haye har kunne. Daga zama kaɗai za a gane wane ne gwani, tun ba a ji sauti ba.

Aikin wannan mako: ka nemi mai jita, ko mai gurmi, ko mai kukuma, ka kalli zamansa na minti goma, ka rubuto mana sakin layi ɗaya ba tare da ka ambaci daɗin kiɗan ba. Muna jiran alƙalumanku.