Gwangwanin jika ashirin da biyar

Abokina da muke ɗaki guda ya amshi burs ɗinshi, bai biya bashin mai shago ba, sai ya tafi ya sayo wani ƙaton gwangwani na garin furotin, jika ashirin da biyar. Da dare, ni ya roƙa dala arba'in ya sha shayi. To shi ya sa na ɗauki biro.

Ƴan uwa masu ɗaga ƙarfe, kun san mine ne cikin gwangwanin nan? Ruwan da ke tsiyaya in an yi cuku, shi Turawa ke tacewa su busar, su zuba mai ƙamshin cakulan, su manna hoton wani ƙato daga Amurka. Matan makiyaya na Abalak sun san ruwan nan tun kaka da kakanni. Ban ce garin guba ne ba. Ludayi guda yana da furotin kamar giram 24, gaskiya ne. Amma ƙwai huɗu ma haka suke, giram 100 na busasshen wake ma kusan haka. Mai nauyin kilo 70 da ke motsa jiki sosai, abin da yake buƙata a yini bai wuce giram 110 zuwa 150 ba. Ka lissafa tiya nawa ta wake jika ashirin da biyar za ta saya, har da canjin nono da ƙuli-ƙuli da awara da fara.

Kowace ƙasa da abin da take ciyar da ƙattinta. Ƴan kokowar Indiya madara suke sha, da man shanu da almon. Na Japan, masu sumo, tukunyar miya ce ta nama da kifi da ganye, da shinkafa. Ba'amurke ya koma ga gari don a ƙasarshi yana da arha, kuma ba ya da lokacin girki. Mu kuma tun 1975 ake gasar takobi, kowace jiha na fiddo ƙattai. Ka dubi wuyan Issaka Issaka ka faɗa mini ƙasar fura da nono ba ta gina mutum. Me ya sa sai mu kaɗai muke jin kunyar ƙwaryarmu? Yaro ya ɓoye ɗan wake bayan ƙofa, ya fito da gorar kaɗa gari yana ɗaukar hoto don Facebook.

Gwangwani dai aljihu yake ci. Abin da ya fi tada mini hankali shi ne ƙwayoyin ƴan tebur. Wanda bai da jika ashirin da biyar sai a ce mishi ga ta dala ashirin, tana sa ƙiba. Sau da yawa dekizametazon ce. Wannan ba ta gina tsoka, cinye ta ma take yi: fuska ta kumbura, ciki ya fito, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni. Allurar da ake raɗawa a wurin ɗaga ƙarfe kuwa, ita tana kumbura damtse, amma tana taɓa zuciya da hanta, ta ƙanƙantar da ƴaƴan maraina. Mai saidawa ba zai faɗa maka wannan ba, kuma ranar da za a kwantar da kai asibiti, tsohuwarka ce za ta saida akuya.

Abokina ya ƙare gwangwanin cikin wata guda. Mun hau sikelin mai awon hatsi, kilo ɗaya ya ragu, don tun ran da ya saya sau ɗaya yake cin abinci. Yanzu sukari muke zubawa a ciki.