Motocin da ƙafafunsu suka yi gwame: ado ne ko ganganci?

Daga cikin yayin da samarinmu suka ɗauko a finafinai da hotunan waya akwai na zaunar da mota. Saurayi zai sayi tsohuwar Mercedes 190, ko BMW, ko Golf, ko Honda Civic, irin waɗanda aka daɗe ana shigowa da su daga Turai ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, ya kai ta gareji a sauke ta har cikinta ya kusa shafar ƙasa. In ka tsaya a bayanta ka duba, sai ka ga tayoyin baya sun yi gwame, samansu ya shige ciki, ƙasansu ya buɗe waje. Mai motar zai ce maka ai wannan shi ne gayun. Mu kuwa a ganinmu, duk makanikin da ya zaunar da mota bai auna karkatar ƙafafun baya ya gyara ta ba, rabin aiki ya yi ya karɓi cikakken kuɗi, kuma rabin da ya bari shi ne ya shafi rayukan jama'a.

Wannan karkata tana da suna a wurin masu sana'a. Da Faransanci ana ce mata karosaj, da Ingilishi kamba, kuma da digiri ake auna ta. Kamfanonin ƙera motoci da kansu sukan bar ƴar kaɗan a ƙafafun baya, galibi ba ta wuce digiri 1 zuwa 2 ba, domin idan mota ta shiga kwana nauyinta na komawa gefe guda, sai tayar da ke waje ta zauna daram a kan kwalta. Matsalar tana farawa ne idan aka ninka wannan adadi ba tare da an sani ba.

Abin da da yawa daga cikin masu yanka sifirin ba su lura da shi ba shi ne, ƙirar ƙafar baya ba iri ɗaya ba ce. Da yawa daga cikin Peugeot 504 da 505 ƙanana, da Mercedes W123 wadda aka fara ƙerawa a 1976, da BMW E30 ta 1982, kowace tayar baya tana rataye ne a kan hannu nata na daban, wanda aka ɗaura a karkace. Irin wannan hannu da zarar mota ta yi ƙasa sai ya kwantar da saman tayar ciki, kuma ya sauya inda tayar ke fuskanta. Mercedes 190, wadda ta fito a 1982 da ƙafar baya mai hannuwa biyar, ita ma tana ƙara gwamewa in an sauke ta, kuma kamfanin bai sa mata wurin saita wannan karkata ba. Amma 504 doguwa da 504 a-kori-kura, da yake ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyinsu na baya, ko an sauke su tayoyin na nan a miƙe. Golf 2 da Golf 3 ma sauyin da suke yi kaɗan ne. Su kuwa Peugeot 405 da 206, hannun ƙafarsu sama da ƙasa kawai yake yi, saboda haka in ka ga tayarsu ta kwanta, boris ɗin cikin hannun ne ya cinye, kuma babu saitin da zai yi maganinsa sai canji. Makanikin da bai bambanta waɗannan ba, ina zai san abin da zai taɓa?

Asarar farko ta aljihu ce. Tayar da ta yi gwame ba ta taka ƙasa da dukkan faɗinta, gefen ciki ne ke ɗaukar nauyin. Wannan gefe kuwa shi ne wanda ido ba ya gani. Mai mota zai duba daga waje ya ga zanen taya raɗau, alhali ta ciki waya ta kusa fitowa. A Turai doka ba ta yarda a hau tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6 ba, kuma da yawa daga cikin tayoyin da ke kasuwanninmu can aka cire su bayan sun sha aiki. Idan aka haɗa karkata da rashin saitin fuskantar tayoyi, wato abin da garejinmu ke kira paralelisim, ɓarnar ta fi sauri. Lissafin ba shi da wuya: tayar da ta kauce wa hanyarta da rabin digiri kacal, a kowace kilomita ɗaya tana ƙoƙarin zamewa gefe da kusan mita 9. Mai karatu ya auna wannan da tafiyar Yamai zuwa Damagaram, mai kusan kilomita 900.

Asara ta biyu ita ce ta rai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kan zama tamkar tanda. Tayar da siririn gefenta ne ke aiki ta fi saurin ɗaukar zafi, kuma fashewar tayar baya a guje ta fi ta gaba wuyar sarrafawa, domin bayan motar ne ke wulwulawa, sitiyari kuwa ba shi da iko a kansa. Bugu da ƙari, tsoffin motoci da yawa suna da wata ƴar na'ura a ƙarƙashi da ke auna yadda bayan mota ya zauna, ta ƙara wa birkin baya ƙarfi idan an yi lodi. In aka sauke motar ba a sake saita na'urar ba, sai ta ɗauka kaya aka lafta, ta tura ƙarfin da ya wuce kima, tayoyin baya su ƙame kafin na gaba. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Kada a ce awon sai da kwamfuta. Gaskiya ne na'urar saiti ta fi daidai, kuma wanda ke babban gari ya kamata ya neme ta. To amma ko makanikin ƙauye zai iya samun ƙiyasi da igiyar awo irin ta magina. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen siminti, a daidaita iskar tayoyi, a sako igiya mai nauyi a gefen taya, a auna tazarar da ke tsakaninta da bakin janti na sama, sannan na ƙasa. A janti mai inci 15, bambancin kusan milimita 7 shi ne digiri ɗaya. Idan aka samu santimita 2 ko fiye, an kai digiri 3, motar na bukatar gyara. Idan kuma hagu da dama ba su zo ɗaya ba, to akwai abin da ya lanƙwashe ko robar da ta mutu, sai a fara da nan.

Gyaran ma sananne ne, kuma kowace ƙira da nata. BMW E30 akan sa mata robobin hannu masu ramin da ya kauce daga tsakiya, ko a yi waldar faranti mai dogon rami da noti mai juyawa, yadda za a iya matsar da hannun. Mercedes 190 akan canza mata hannun sama da wanda ake iya ƙara wa tsawo. Honda Civic ta shekarun 1988 zuwa 2000 akan sa mata faifan ƙarfe tsakanin hannun sama da jikin mota, tare da noti mafi tsawo kuma mai ƙwari. Golf akan cusa mata siririn faifai a bayan ƙarfen da tayar ke juyawa a kai. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu dole a sake saita paralelisim, domin taɓa ɗaya na motsa ɗayan. Abin da ba gyara ba ne shi ne gasa sifirin da wutar walda har ya zauna, ko lanƙwasa hannu da guduma. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙwarinsa, ranar da zai karye kuwa ba zai yi sallama ba.

Wasu za su ce mota tasu ce, kuɗi nasu ne, kuma ai motocin tsere ma haka ƙafafunsu suke. Haka ne, amma motar tsere a kan fili mai santsi take gudu, ana auna zafin tayarta, ana canza ta bayan ɗan lokaci. A Japan, inda matsananciyar gwamewa ta zama yayi har aka yi mata suna, masu yinta sun san don kallo suke yi. A Jamus kuwa, inda aka ƙera yawancin motocin nan, wanda ya sauya tsayin motarsa sai da takardar amincewa ko binciken masu duba lafiyar motoci irin su TÜV. Mu a nan hanyar ramuka ce da tudun rage gudu, kuma da ɗan kabu-kabu da mai amalanke da ƴan makaranta ake raba ta. Ƴancin mai mota ya ƙare a inda lafiyar waɗannan ta fara. Wasu kuma za su ce kayan gyaran na da tsada. To wanda ba shi da kuɗin kammala aiki, ya bar motar a tsayin da kamfani ya yi ta, ko ya sauke ta kaɗan da sifirin da aka ƙera domin hakan. Araha ba ta ado.

Kuma kada mu ɗora wa samari laifin su kaɗai. Motar haya da aka lafta wa buhuna da fasinjoji har sifirinta ya gaji, ita ma zaunar da ita aka yi, sai dai lodi ne ya yi aikin. In ƙirarta mai hannuwa daban-daban ce, gwamewar iri ɗaya ce, cinyewar taya iri ɗaya ce, mutanen da ke ciki ne suka fi yawa.

Don haka muke kira ga shugabannin ƙungiyoyin makanikai da su sa wa ƴaƴansu ƙa'ida: ba a sallamar motar da aka sauke sai an auna ƙafafunta huɗu, an rubuta wa mai ita adadin a takarda. Masu faci su riƙa nuna wa direba gefen tayarsa na ciki duk lokacin da suka cire ta. Masu binciken lafiyar motoci da jandarmomin kan hanya su riƙa durƙusawa suna duba bayan mota, kada su tsaya ga takardu da fitilu kawai. Kai kuma mai mota, kafin ka kama doguwar hanya, sa hannunka ta bayan tayar ka shafa gefen ciki. In ka ji ya yi sumul ko waya ta soke ka, ka fasa tafiyar ka nufi gareji.