Zanzibar ta san darajar birinta, wa ya san darajar dajin Kagoro?

Duk ƙarshen shekara, manyan ma'aikatan tarayya da hadiman 'yan siyasa kan cika shafukansu na Facebook da hotunan Zanzibar: farin yashi, shuɗin teku, da manyan kunkurun tsibirin Changuu waɗanda aka kawo daga Seychelles a 1919. Babu laifi mutum ya huta da guminsa. Abin dubawa shi ne darasin da suke barowa a can.

A dajin Jozani, wanda ya zama gandun ƙasa a 2004, baƙi na biyan kuɗi don su ga wani biri mai jan gadon baya da ba a samunsa ko'ina sai Zanzibar. Wani kaso na kuɗin yana komawa ƙauyukan da ke kewaye da dajin. Manomin da a da yake ganin birin a matsayin ɓarawon gona, yanzu yana da dalilin kare shi. Dabbar daji tana tsira ne a inda rayuwarta ta fi mutuwarta amfani ga maƙwabtanta.

Kudancin Kaduna ba shi da teku, amma yana da abin kallo, kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Abuja. Wanda ya sauka a Samarun Kataf, ɗan taƙi ne tsakaninsa da Matsirga, kusa da Kafanchan, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse da ƙugi mai cika kunne a tsakiyar damina. Duwatsun Kagoro na nan tsaye bisa garin da ake bikin Afan duk ranar 1 ga Janairu, kuma da magariba jemagu kan tashi daga itatuwan garin su rufe sama. Dazuzzukan Kagoro da Nindam na cikin wuraren da ƙungiyar BirdLife International ta ware a matsayin masu muhimmanci ga tsuntsaye, domin ana samun irin tsuntsayen kurmin kudu a cikinsu. A ƙasar Jaba kuma akwai ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928.

Sai dai wannan dukiya tana zaizayewa. Masu yankan katako na shiga daji, kuma tsadar iskar gas ta mayar da gidaje da dama ga gawayi. Buhunan da ake jibgewa a bakin hanya ba daga sama suka faɗo ba, itatuwa ne da suka yi shekaru suna tsaye. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa guda goma, ciki har da Falgore a Kano da Pandam a Filato, amma babu ko ɗaya a kudancin Kaduna.

Za a ce rashin tsaro ne ya hana zuwa, kuma maganar tana da tushe, don yankin ya sha zubar da jini. Amma dajin da aka ƙaurace wa shi ne ke zama maɓoyar ɓata-gari. Inda akwai ma'aikatan gandu masu albashi, da hanya mai kyau, da matasan gari da ke cin abinci daga yi wa baƙi jagora, akwai idanu da yawa a kan daji.

Nan ne nauyi ya hau kan ma'aikacin Abuja. Shi ke tsara takardar da minista zai sa wa hannu, shi ke cusa layi a kasafin kuɗi ko ya goge shi. Gani ya kori ji. Jami'in da ya taɓa tsayawa a gindin Matsirga zai yi wuya ya ture fayil ɗin dajin Nindam zuwa ƙasan tebur. Hutu na gaba, kwana biyu a Kafanchan sun isa a fara.