Wa ke yi wa alƙalan dambe alƙalanci?

Ƴan'uwa, a ƙwallon ƙafa in an ci, kowa ya ga raga ta motsa. A kokowa in an kada mutum, har yaron da ke leƙe daga kan katanga ya gani. Amma a damben boks na kuɗi, ƙarti biyu za su yi turmi 12 suna jibgar juna, jini na zuba, a kaɗa ƙararrawar ƙarshe, sannan duniya ta yi tsit tana jiran abin da mutum uku sunka rubuta a ɓoye cikin ƴan takardu. Abin da sunka rubuta shi ne hukunci, ko da idon kowa ya ga wani abu dabam. Ni dai na ce wannan tsari ruɓaɓɓe ne, kuma masu dambe sun san maganinsa sarai. Sun bar shi haka ne don akwai masu ci da shi.

Bari in fara da yadda ake lissafin, don da yawanmu muna ihu a fada ba mu san shi ba. Alƙalai uku ne ke zaune bakin dandamali, kowa da gefensa. A kowane turmi, wanda alƙali ya ga ya fi sai ya ba shi maki 10, ɗayan ya samu 9. In an kai mutum ƙasa a turmin, galibi 10 da 8 ake rubutawa. Abin da anka ce su duba huɗu ne: naushin da ya shiga sosai, kai farmaki mai amfani, iya juya fagen, da iya karewa. Wanne ya fi wanne nauyi? Kowane alƙali da ma'auninsa. Ga kuma wata ɓaraka: wanda ya ci turmi da ƙyar 10 da 9 ne, wanda ya yi wa abokin karonsa lilis minti uku cur amma bai kada shi ba, shi ma sau da yawa 10 da 9 ne. Kamar malamin da zai ba wanda ya samu 11 bisa 20 da wanda ya samu 18 not guda.

To mu ɗauki damben da ya fi tada mana jijiyar wuya. Ranar 28 ga Oktoba 2023, a Riyad, Francis Ngannou ɗan Kamaru ya kara da Tyson Fury na Ingila, mai riƙe da kambun WBC na masu nauyi. Ngannou bai taɓa damben boks na kuɗi ba sai ranar. Mutum ne da ya yi aikin haƙar yashi yana yaro, ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya ta cikin Sahara kafin ya kai Turai, shi ya sa matasanmu ke ganinsa nasu. A turmi na uku ya narka wa Fury hagu, zakaran duniya ya zube. Da anka gama turmi 10, alƙali guda ya ba Ngannou 95 da 94, na biyu ya ba Fury 95 da 94, na uku ya ba Fury 96 da 93. Ku yi lissafi da kanku. Da turmi ɗaya tak ya sauya hannu a takardar alƙali na biyu, da Ngannou ne anka ɗaga wa hannu. Shi ko na uku, turmi bakwai cikin goma ya ba Fury. Wane turmi, saboda wane naushi? Babu dokar da ta tilasta mashi ya tsaya gaban jama'a ya yi bayani.

Washegari ko'ina ka zauna shan shayi magana guda ce: an zalunci baƙar fata, Turawa ba za su taɓa bari ɗan Afirka ya ci ba. Ni ma a ganina Ngannou ya yi abin da ya isa a ba shi. Amma wannan magana ta launin fata, duk da daɗinta a baki, tana kare ɓarayin ne, don tana kawar da idonmu daga inda ake satar. Ranar 28 ga Yuni 1991 a Las Vegas, Azumah Nelson na Gana ya kare kambunsa na WBC gaban Jeff Fenech, farar fata ɗan Ostireliya. Mafi yawan waɗanda sunka kalla sun ce Fenech ya ci. Alƙalai sunka ce canjaras, ɗan Afirka ya koma gida da kambunsa. Sai a 2022, bayan shekara 31, WBC ta sake duba damben ta miƙa wa Fenech kambu, lokacin da furfura ta riga ta fito mashi. A ranar nan wa anka cuta, wa anka fifita? Ma'aunin bai san baƙi ko fari ba. Ya san mai kambu, ya san mai gida, ya san wanda sunansa ke sayar da tikiti.

Ga wani misalin. Ranar 13 ga Maris 1999, a Madison Square Garden na birnin New York, Lennox Lewis ya kara da Evander Holyfield, dukansu baƙaƙe. Masu ƙidayar naushi da kwamfuta sun ce Lewis ya shigar da 348, Holyfield 130. Stanley Christodoulou na Afirka ta Kudu ya ba Lewis 116 da 113. Larry O'Connell na Ingila ya ce 115 da 115. Eugenia Williams ta Amurka ta ba Holyfield 115 da 113, har da turmi na biyar, wanda Lewis ya maƙure Holyfield jikin igiya yana ta dakansa. Da anka tambaye ta, ta ce daga inda take zaune ba ta iya gani sosai ba. Haba jama'a! Alƙalin da bai gani ba, me ya rubuta ke nan?

A watan Yunin 2012 kuma, a Las Vegas, alƙalai biyu sunka ba Timothy Bradley nasara kan Manny Pacquiao da 115 da 113. Surutu ya yi yawa, har WBO ta tara wasu alƙalai biyar sunka sake kallon faifan. Duka biyar ɗin sunka ce Pacquiao ya ci. Sai me? Hukunci na nan daram, kambu na hannun Bradley. Ɗaya daga cikin waɗancan alƙalai biyu, C.J. Ross, an sake ba ta babban dambe a Satumbar 2013, tsakanin Floyd Mayweather da Canelo Alvarez. Mayweather ya yi ta wasa da yaron nan turmi 12, ita ko ta rubuta 114 da 114. Sai bayan wannan ta ajiye aikin da kanta. A Satumbar 2017 Adalaide Byrd ta ba Canelo 118 da 110 kan Gennady Golovkin, wato turmi goma cikin sha biyu, alhali abokin aikinta Dave Moretti ya ba Golovkin turmi bakwai. Dambe guda, dare guda, tazarar turmi biyar tsakanin mutum biyu da anka ce ƙwararru ne. An ɗan hutar da ita, daga baya ta dawo kujerarta.

Wani zai ce ai ɗan Adam ajizi ne. Gaskiya ne. Amma in kuskure ne kawai, me ya sa ya cika faɗawa gefen wanda ke kawo kuɗi? Ruwa ba ya tsami banza. Ku dubi wa ke ciyar da wa. Boks ba shi da uwar ƙungiya guda kamar FIFA. Manyan ƙungiyoyi huɗu ne, WBA, WBC, IBF da WBO, kowace da nata kambu, kowace na yankar kasonta, kusan kashi 3 cikin ɗari, daga ladan ƴan damben da ke neman kambunta. Zakaran da ladansa ya fi tsoka shi ya fi kawo musu riba. Su kuma alƙalai, ko da hukumar wurin ce ta zaɓe su, kuɗin aikinsu da na jirgi da na otel daga aljihun mai shirya damben suke fitowa, kuma sau da yawa mai shirya damben nan yana da kwangila da ɗaya daga cikin masu karawar. Ba sai an kai wa alƙali ambulan cikin dare ba. Ya san wa ya biya ɗakin da ya kwana, ya san kuma wa zai shirya babban dambe na gaba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi mashi aski.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne, mummunan hukunci riba ne. In anka yi canjaras na ƙarya, me ke biyo baya? A sake karawa, a sake sayar da tikiti, a sake karɓar kuɗin masu kallo a tele. Lewis da Holyfield sun sake haɗuwa a Nuwambar 1999. Pacquiao da Bradley sun ƙara har sau biyu, a 2014 da 2016, duka Pacquiao ya ci. Golovkin da Canelo ma sun ƙara sau biyu, a 2018 da 2022. Kasuwar da ɓarna ke ninka mata ciniki, wa zai matsa mata ta gyara?

Akwai wata magana da nake yawan ji, har daga bakin tsofaffin ƴan dambe: in ba ka son alƙalai su cuce ka, ka sumar da shi kawai. Ana faɗinta kamar jarunta, amma mugunta ce tsantsa. Don me anka kawo maki tun farko? Don a iya raba gardama ba sai an kwantar da mutum ba. A Nuwambar 1982, Kim Duk-koo ɗan Koriya ta Kudu ya faɗi a turmi na 14 gaban Ray Mancini, bayan ƴan kwanaki ya cika. Bayan wannan ne WBC ta rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12. Duk wanda ya ce wa ɗan dambe kada ya amince da maki, cewa ya yi ya buɗe jikinsa, ya miƙa kansa ga naushi, ya nemi ƙwaƙwalwar ɗan'uwansa ko ta halin ƙaƙa. Lalacin mutum uku da ke zaune kan kujera, sai a biya shi da kan ɗan wani? A damben gargajiya namu ma, in an yi turmi uku babu wanda ya kai ƙasa, cewa ake babu kisa, a raba su. Ba a ƙirƙiro gwani a takarda.

Kuma kada mu manta abin da ake sacewa. Shekarun ƙarfin ɗan dambe kaɗan ne, a shekara bai fi ya hau sau biyu ko uku ba. Faɗuwa guda a takardarsa tana rage mashi lada, tana mayar da shi baya a layin neman kambu. Su Pacquiao suna da gidan komawa. Amma yaron da anka ɗauko daga Akkara ko Legas anka kai shi garin wani don ya zama matakala, babu kyamara, babu mai sake kallon faifansa, shi wa zai yi mashi ihu? Waɗanda muka sani ɗin nan su ne ƴan kaɗan da duniya ta gani.

Gyaran ba boyayye ba ne. Na farko, a bayyana maki bayan kowane turmi, a kan allo, kowa ya gani. WBC na da tsarin faɗin maki bayan turmi na huɗu da na takwas, amma hukumomin wurare da dama sun ƙi shi. Hujjarsu wai wanda ya san yana gaba zai riƙa gudu. To a ƙwallo ma wanda ke gaba yana tsare gida, an taɓa rufe allon ci saboda haka? In ya yi ta gudu, a ba abokin karonsa turmin, shi ke nan. Na biyu, a raba alƙali da aljihun mai shirya dambe: a zuba kuɗin cikin asusun hukuma, a fitar da alƙalai ta hanyar ƙuri'a. Na uku, a yi amfani da 10 da 8 duk lokacin da fifiko ya fito fili, ko ba a kai kowa ƙasa ba. Na huɗu, duk alƙalin da takardarsa ta yi hannun riga da ta sauran, ya zauna gaban faifan da ƴan jarida ya yi bayani turmi bayan turmi. In ya kasa, a sauke shi zuwa ƙananan dambe, in ya sake, a karɓe lasisin. Na biyar, in kwamitin sake dubawa ya ce an yi kuskure, a soke hukuncin nan take, kada a jira shekara 31.

Mu nan ba mu da kujera a Las Vegas ko Riyad, na sani. Amma mu ne masu kwana ido biyu har asuba gaban tele, mu ne masu ƙona kuɗin intanet, kuma da idanunmu ake yi wa masu talla ciniki. Mafi ƙarancin abin da za mu iya shi ne mu daina zama ƴan amshin shata. Dambe na gaba, kowa ya ɗauki bik da takarda, ya rage muryar mai sharhi, ya rubuta makinsa turmi bayan turmi kafin a faɗi na alƙalai. In an yi sata, mu kira turmin da lambarsa, mu kira alƙalin da sunansa, ko da wanda anka cuta ba namu ba ne. Wanda ya yi shiru ranar Fenech, da wane baki zai yi kuka ranar Ngannou?