Duniyar Halittu: Kifin Da Ba Ya Nisa Da Gida

A ƙasashen Arewacin Turai, musamman Norwe da Sikotilan da Ailan da Denmak, akwai wani kifi da ake kira tirawut na teku. Ana haifarsa a ruwan daɗi, ya yi ƙiba a ruwan gishiri, sa'an nan ya komo kogin da aka haife shi don ya hayayyafa. Wato dai ɗan cirani ne, kuma yadda yake yin ciranin nan shi ne ya jefa shi cikin wahala a zamanin nan.

Tsakanin watan Oktoba da na Disamba uwar kifin takan haƙa ɗan rami da wutsiyarta a cikin tsakuwar rafi, ta zuba ƙwai, ta rufe. Bayan an ƙyanƙyashe, 'ya'yan sukan zauna a rafin shekara 1 zuwa 4, har ma fiye a wuraren da sanyi ya yi tsanani. Daga nan sai 'yan uwa su rabu. Waɗansu su zauna a kogi har iyakar ransu, waɗansu kuwa, galibinsu mata, jikinsu ya rikiɗe ya yi fari kamar azurfa, su gangara teku a wajajen Afrilu da Mayu. Dalilin da ya sa mata suka fi tafiya shi ne, abinci ya fi yawa a teku, kuma gwargwadon girman mace gwargwadon yawan ƙwan da za ta zuba.

To, a nan ne tirawut ya sha bamban da ɗan uwansa kifin salmon. Shi salmon da zarar ya bar bakin kogi sai ya nausa tsakiyar teku, waɗansu har gaɓar Girinlan. Tirawut kuwa yawanci ba ya nisa. Masana sun tabbatar da haka ta hanyar sa wa kifayen wata 'yar na'ura mai fitar da sauti, tare da dasa na'urorin saurare a cikin ruwa. Sun gano cewa yakan yi kiwo kusa da gaɓa, a bakin koguna da lungunan teku da ke ratsa duwatsu, kuma ya fi zama a saman ruwa, yana cin ƙananan kifaye da jatan lande da tsutsotsi. Waɗansu sukan komo kogi bayan 'yan watanni kaɗan, kuma kifi ɗaya yana iya yin wannan kai da kawowa sau da yawa a rayuwarsa.

Waɗannan lungunan da ruwansu ba ya hauka su ne kuma mutane suka zaɓa don kiwon salmon a cikin manyan keji, sana'ar da ta kankama a Norwe a shekarun 1970. Inda aka tara dubban kifaye wuri guda, nan wata ƙwaya da ake kira ƙwarƙwatar teku take yaɗuwa. Takan manne a jikin kifi, ta ci fatarsa, ta bar masa gyambo, har ya kasa tsare jikinsa daga gishirin teku. Ɗan salmon na daji yakan wuce kejin ya yi gaba. Tirawut kuwa nan ne makiyayarsa, nan yake wuni, nan yake kwana.

An ga sakamakon haka a yankin Konemara da ke yammacin Ailan a 1989. Kifayen da suka gangara teku suka riƙa komowa bakin koguna tun lokaci bai yi ba, a rame, jikinsu cike da ƙwarƙwata. Gudun ceton rai ne suka yi, domin ƙwarƙwatar ba ta jure ruwan daɗi, amma kifin da ya bar makiyaya da wuri ba ya girma, ƙwansa kuma ba ya yawa. Kamun masunta ya faɗi warwas, masu masaukin baƙi da masu jiragen haya suka rasa ciniki. Irin wannan ya auku a tafkin Mari na Sikotilan wajen ƙarshen shekarun 1980. An daɗe ana jayayya tsakanin masu kiwo da masunta a kan musabbabin abin, amma binciken shekaru ya nuna cewa ƙwarƙwata ta fi yawa a jikin tirawut da ke kusa da keji.

A 2017 gwamnatin Norwe ta raba gaɓarta gida 13, ta ba kowane yanki launin kore ko rawaya ko ja, bisa ga ɓarnar da ƙwarƙwata take yi. Yankin da ya sami ja dole ne a rage kiwo a cikinsa. Sai dai da salmon na daji aka fara wannan awo, alhali tirawut ne ya fi daɗewa a bakin kejin. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk hukumar da take son sanin lafiyar gaɓar tekunta, jikin tirawut ya kamata ta fara dubawa.