Ɓarayin Bincike A Mujallun Likitoci: Mara Lafiya Ke Biyan Bashin

'Yan uwa matasa, ɓarawon da ke haura katanga cikin dare kowa ya san sunansa, kowa ya san hukuncinsa. To, akwai wani ɓarawon mai farar riga, ana kiransa dokta, ana kiransa farfesa, alhali gumin wani ya kwashe ya liƙa sunansa a kai. Ɓarnar wannan a gadon asibiti take ƙarewa.

A shekarar 2015 wani likita a Amurka, Michael Dansinger na Jami'ar Tufts, ya aika wa mujallar Annals of Internal Medicine bincikensa kan abinci da kitsen jini. A ƙa'ida, mujalla kan miƙa irin wannan aiki ga wasu masana su duba a asirce kafin ta yanke hukunci. Aka duba, aka ƙi bugawa. Sai ga shi a 2016 binciken nan ya fito a wata mujalla da sunayen wasu mutane daga Italiya, har da iƙirarin wai marasa lafiyarsu ne aka gwada. Ashe ɗaya daga cikin waɗanda aka ba amanar dubawa ne ya yi awon gaba da shi. Aikin shekara biyar! An ba kura ajiyar nama.

Wani zai ce, to ina ruwan talaka, ai rigimar masana ce. Ruwansa na nan. Likita ba ya gwada kowane magani da kansa. Abin da aka buga a mujallu yake bi. Masana kan tattara duk binciken da aka yi kan magani guda su haɗa lissafi. Idan bincike ɗaya ya fito sau biyu, tamkar shaida ɗaya ne ya faɗi maganarsa gaban alƙali, ya fita ya sake riga, ya dawo a matsayin shaida na biyu.

Hakan ta faru. A 1997 mujallar BMJ ta Ingila ta buga wani nazari kan ondansetron, maganin hana amai bayan tiyata. Aka gano kashi 17 cikin 100 na rahotannin gwajin maimaici ne a ɓoye, kuma wannan maimaici ya sa aka zuzuta ƙarfin maganin da kashi 23 cikin 100. Wa zai sha maganin? Uwar wani, ɗan wani.

Me ke jawo wannan musiba? Jami'o'i da yawa, har da na Nijeriya, ba sa ƙara wa malami girma sai ya kawo adadin takardun da ya buga. Da aka mai da ƙirga takardu ma'auni, sai kasuwa ta buɗe: kamfanonin boge suna ƙera bincike suna sayar da gurbin suna ga mai kuɗi. A 2023 kaɗai an janye takardun bincike sama da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi. Waɗanda aka kama ke nan.

Janyewa a ɓoye ba ta isa ba. Duk takardar da aka janye a bayyana dalili ƙarara, wanda ya ci amanar dubawa a hana shi sake taɓa aikin wani, jami'o'i kuma su auna ingancin aiki kafin su ƙirga yawansa.

Kai kuma ɗan uwa ɗalibi, musamman mai karatun likita, haɗa magani ko jinya, ka sani icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya kwafi aikin kammala karatunsa daga intanet yau, shi ne zai kwafi bincike gobe. In ka ɗauko magana, faɗi mai ita. In ba ka yi gwaji ba, kada ka rubuta sakamako. Ilimi amana ne, kuma za a tambayi kowa abin da alƙalaminsa ya rubuta. Allah ya tsare mu da cin amana, amin.