FILIN LAFIYAR IYALI: Goge Haƙora da Buroshi, Na Hannu da Na Lantarki

A wannan fitowa za mu tattauna ne a kan wani aiki da kowa yake yi kullum, kuma kowa yake ganin ya iya shi tun yana yaro, wato goge haƙora.

Buroshi bai yi mana wuya ba a Duwala. Ta tashar jiragen ruwan garin nan kaya suke shigowa kafin su wuce Arewa, har Cadi da Afirka ta Tsakiya, don haka duk wanda ya ratsa Marché Central ko Marché Congo zai ga buroshi iri-iri a kan tebura, na manya da na yara, kuma a manyan kantunan Akwa har na lantarki ana samu. Duk da haka, da wuya a shiga gida a New Bell ba a tarar da wanda ya taɓa kwana yana juyi da ciwon haƙori ba, ko yaron da ya fashe makaranta saboda kumburin kumatu, ko dattijon da ya haƙura da tsire da kilishi tun bai kai shekarun haƙura ba. Matsalar kuwa ta game duniya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 3.5 suna fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙori ce a kan gaba. Abin da ya rage mana shi ne sanin inda ya kamata a goge, da yadda ya kamata a goge.

INA DAUƊAR TAKE?

Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin cewa tsutsa ce take cin haƙori. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, akwai wata farar dauɗa mai danƙo da take taruwa a jikin haƙori dare da rana, cike da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Idan muka sha shayi mai sukari, ko lemun kwalba, ko muka ci alewa da biskit, ƙwayoyin nan su ma sun samu abinci, sai su fitar da wani ruwa mai tsami wanda yake zaizaye ɓawon haƙori sannu a hankali har kogo ya buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Daga nan ne ruwan sanyi zai fara tsirawa, daga baya ciwo ya kai ga jijiya.

Wannan dauɗa ta fi son wurare uku: bakin dasashi, wato iyakar da haƙori ya haɗu da nama, tsakanin haƙora, da kwarin da ke bisa turamen ciki. Idan ta daɗe a bakin dasashi sai ya kumbura ya riƙa jini. Idan aka ƙara barinta sai ta daskare ta zama kamar dutse, abin da likitocinmu suke kira tartre da Faransanci, kuma a wannan mataki babu buroshin da zai iya cire ta sai kayan aikin likita. Ƙarshen lamarin shi ne ƙashin da ya riƙe haƙorin ya lalace, haƙori lafiyayye ya fara girgiɗa. Saboda haka wanda yake darzar fuskar haƙoransa na gaba don su yi fari, ya bar bakin dasashi da turame, ya share tsakar gida ne ya bar shara a lunguna.

BUROSHIN HANNU

Buroshi mai gashin nailan da muka sani ya fara fitowa kasuwa ne a Amurka a shekarar 1938. Hanyar gogewar da likitocin haƙori suka fi koyarwa kuwa ana jingina ta ga wani likita ɗan Amurka mai suna Charles Bass. Ga yadda take.

Da farko a zaɓi buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai. A kan kwalin za a ga an rubuta souple, ko medium, ko dure; a ɗauki na farkon. Mutanenmu sukan zaɓi mai tauri da zaton ya fi fitar da datti, alhali shi ne yake cinye dasashi har wuyan haƙori ya fito fili, ya kuma yi wa haƙorin zane kamar an goga zarto. A riƙe buroshin da 'yan yatsu kamar yadda almajiri yake riƙe alƙalami a kan allo. Wanda ya damƙe shi da tafin hannu duka, ƙarfi zai sa ko bai yi niyya ba.

Sai a ɗora gashin buroshin a bakin dasashi a karkace, tsaka-tsaki tsakanin tsaye da kwance, abin da masana suke kira digiri 45. A haƙoran sama gashin ya kalli sama, a na ƙasa ya kalli ƙasa. A motsa shi kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, motsin da bai wuce faɗin haƙori ɗaya ko biyu ba, sannan a share daga dasashi zuwa bakin haƙori, a matsa gaba. Kowane haƙori yana da fuska uku da buroshi yake iya kaiwa: ta waje wajen kumatu, ta ciki wajen harshe, da ta bisa inda ake tauna. Ta ciki ce aka fi mantawa, musamman bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda dauɗa take saurin daskarewa. A nan sai a tsayar da buroshin, a goge da kansa sama da ƙasa. A ƙarshe a goge harshe a hankali, domin yawancin warin baki daga bayan harshe yake tasowa.

Aikin duka minti 2 ne. A raba baki kashi 4, sama dama, sama hagu, ƙasa dama, ƙasa hagu, kowane kashi sakan 30. Mu da muka saba farawa da dama, sai mu fara daga turmin ƙarshe na sama ta dama, mu bi layi ɗaya kullum don kada wani lungu ya kuɓuta. Duk wanda ya taɓa duba agogo yana gogewa zai yi mamakin yadda hannu yake son tsayawa tun minti ɗaya bai cika ba.

BUROSHIN LANTARKI

Wani likita a ƙasar Suwizaland mai suna Philippe-Guy Woog ne ya ƙera buroshin lantarki da ake kira Broxodent a shekarar 1954. A yau iri biyu ne suka fi yawa: mai ƙaramin kai zagayayye da yake juyawa dama da hagu, irin na Oral-B, da mai dogon kai da yake karkarwa da sauri, irin Sonicare na Philips.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kunna shi, sannan a ci gaba da darzawa kamar na hannu. Injin ya riga ya ɗauke wa hannu motsi. Aikin mai gogewa shi ne ya sa kan buroshin a baki kafin ya kunna, ya ɗora shi a bakin dasashi, ya dakata 'yan sakanni a kan kowane haƙori, ya lallaɓa zuwa na gaba, ta waje, ta ciki, da ta bisa. Wanda ya iya asuwaki ba zai sha wuya a nan ba, domin tafiyar ɗaya ce, haƙori bayan haƙori. Yawancinsu suna ba da alama duk sakan 30 don a canza kashi, wasu kuma suna kunna fitila idan an danna da ƙarfi.

Shin ya fi na hannu? Ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje fiye da 50 a shekarar 2014, ta samu cewa bayan wata 3 ana amfani da shi, na lantarki ya rage dauɗar haƙori da kashi 21 cikin 100, kumburin dasashi kuma da kashi 11 cikin 100, fiye da na hannu. Wannan riba ce ta gaske, musamman ga tsofaffin da hannunsu yake rawa, da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, da matasan da aka ɗaura wa wayar daidaita haƙora. Amma magidanci ya yi lissafi kafin ya saya. Kan buroshin ana canza shi duk wata 3, don haka a tabbatar ana samun irinsa a gari. Kowane mutum a gida da nasa kan. Ɗauke wuta ba ya hana amfani da shi, domin caji ɗaya yakan kai kwanaki. Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya damu ko kaɗan: buroshin hannu mai laushi, idan an bi ƙa'ida, ya wadatar.

MAN GOGE BAKI DA LOKACI

A duba jikin man goge baki a tabbatar yana da sinadarin fuloraid, wanda ake rubutawa fluor da Faransanci, kuma adadinsa tsakanin 1000 da 1500 ppm. Shi ne yake ƙarfafa ɓawon haƙori, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man da ke ɗauke da shi cikin jerin muhimman magunguna a shekarar 2021. Ga wani abu da zai ba wasu mamaki: bayan an gama, a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, domin kurkurewa tana wanke maganin tun bai yi aiki ba. Wanda zai yi alwala, ya yi alwalarsa tukuna idan hali ya yi, sannan ya goge, ko ya bar tazara tsakaninsu.

Sau biyu ake gogewa a rana, kuma na dare ya fi muhimmanci, saboda yawu yana raguwa lokacin barci, shi kuwa yawu shi ne yake wanke tsamin baki. Bayan gogewar dare kada a ci ko a sha komai sai ruwa. Idan an sha abu mai tsami kamar zoɓo, wanda a nan ake kira folere, ko lemun tsami, ko kuwa mai juna biyu ta yi amai, a kurkure da ruwa a dakata kamar rabin awa kafin a goge. Tsakanin haƙora kuma, inda gashin buroshi ba ya shiga, zaren sakace da ake sayarwa a kantin magani ya fi tsinken tsintsiya ko ashana, waɗanda suke huda dasashi. Gawayi da toka da gishiri suna iya kankare jan goro na ɗan lokaci, amma tare da ɓawon haƙorin suke kankarewa, shi kuwa ba ya tsirowa.

Asuwaki yana nan a matsayinsa. Sunna ce da hadisai ingantattu suka kwaɗaitar da ita, kuma yana cire dauɗa sosai a hannun wanda ya iya. Sai dai yana wuyar kaiwa bayan turame da fuskar ciki. Mafi kyau a haɗa: asuwaki a lokutan salla, buroshi da man fuloraid safe da dare. A watan azumi sai a mayar da su bayan sahur da kafin barci.

GA IYAYE

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gogewa tana farawa ne daga ranar da haƙorin farko ya tsiro, wajen wata 6. Yaron da bai kai shekara 3 ba, man da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. Uwa ko uba su tsaya a bayan yaro, su jingina kansa a jikinsu, su goge masa da kansu, su ci gaba da sa ido har ya kai shekara 7 aƙalla. Kada a ce ai haƙoran nono ne, zai yi famfara. Su 20 ɗin nan su ne suke riƙe wa na dindindin wuri. Haka kuma wajen shekara 6 wani turmi yakan tsiro a can baya ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna zaton na nono ne, alhali na har abada ne, kuma shi ne ya fi saurin ruɓewa. Kada kuma a kwantar da jariri da kwalbar madara mai sukari a baki.

Laimar Duwala ba ta barin abu ya bushe da wuri. Bayan an gama, a wanke buroshi a tsayar da shi kansa a sama, a wurin da iska take shiga, nesa da makewayi. Kada a cusa na 'yan gida duka a kofi ɗaya suna gogar juna, kada kuma a ari na wani, ko da miji da mata ne. Idan gashin ya baje kafin wata 3, alama ce ana sa ƙarfi da yawa.

Wanda ya ga jini yana gogewa kada ya daina goge wurin, domin dauɗar ce ta jawo jinin. Ya ci gaba a hankali. Idan mako 2 suka wuce jinin bai tsaya ba, ko haƙori yana girgiɗa, ko kumatu ya kumbura, sai a nufi likitan haƙori, a sashen haƙora na asibitin Laquintinie ko wani asibitin da yake kusa. Masu ciwon sukari da masu juna biyu su fi kowa kula, domin dasashinsu ya fi saurin kamuwa. Kogon da aka gani da wuri ana cike shi a zama ɗaya, wanda aka bari kuwa sau da yawa sai an cire haƙorin.

Muna roƙon kowane magidanci da uwargida, yau da dare bayan isha'i, su tara yara, a ajiye agogo, a gwada minti biyun nan tare. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya raya mana zuriya.